Man taransifoma da bugun tsawa: na ma'adini, esta ko silikon, wanne ya dace a zuba?

Duk wanda ya mallaki taransifomar kansa a Gombe ko Bauchi, ko don injin casar shinkafa, ko matsar gyaɗa, ko asibiti, ko otal, ya san lokacin da hankali ba ya kwanciya. Hadarin farkon damina, daga ƙarshen Afrilu zuwa Yuni, da na ƙarshenta a Satumba da Oktoba, su ne ke zuwa da iska da aradu. Layukan kilobolt 33 da ke fita zuwa Dukku, Kaltungo, Ningi ko Darazo suna ratsa fili mai nisa, kuma tsawar da ta faɗa musu a daji tana biyo waya har cikin tankin da ke bayan masana'antarka. Man da ke cikin tankin shi ne ke sanyaya koyil, ya kuma hana wuta tsallakawa inda bai kamata ba. A yau mai sayen sabuwar taransifoma, ko mai son sauya man tsohuwa, yakan tarar da zaɓi huɗu a takardar farashi: man ma'adini da aka saba, estar tsirrai, estar haɗi, da man silikon. Kowane dillali zai nuna maka lambar gwaji mai kyau. Matsalar ita ce lambar da aka fi nunawa ba ta magana a kan tsawa.

Ma'aunan da za a bi

Abu shida za mu auna kowane mai da su: yadda yake jure bugun tsawa, yadda yake ɗaukar danshi, haɗarin gobara, sanyaya koyil a zafin Maris da Afrilu, daɗewa tare da sauƙin kulawa, sannan kuɗi da samuwa. Na farkon shi ne wanda aka fi jahilta, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

Abin da bugun tsawa ke yi a cikin mai

Gwajin da kowa ya sani shi ne na kofi, wanda ma'aikata ke kira BDV, bisa ƙa'idar IEC 60156 ta hukumar ƙa'idojin lantarki ta duniya. Ana zuba mai a kofi tsakanin ƙarafa biyu masu santsi da tazarar milimita 2.5, a riƙa ɗaga wuta kilobolt 2 a kowane sakan har tartsatsi ya huda man, a maimaita sau shida a ɗauki matsakaici. Kafin a kai kilobolt 60 an ci sakan 30. A wannan lokacin ƙura, zaren takarda da ɗigon ruwa sun samu damar jeruwa su yi gada tsakanin ƙarafan. Abin da gwajin ke aunawa ke nan: tsabta da bushewar mai. Yana da amfani ƙwarai, amma iyakarsa ke nan.

Bugun tsawa na gwaji, wanda ake rubutawa 1.2/50, yana kai ƙololuwa cikin maikurosakan 1.2 (maikurosakan ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan), ya sauko zuwa rabi cikin maikurosakan 50. Sakan 30 ya ninka wannan sau 600,000. Datti ba ya samun lokacin motsawa, shi ya sa man da ya ɗan jiƙe zai iya faɗuwa a gwajin kofi amma ƙarfinsa a bugun tsawa bai ragu sosai ba. Haka kuma mai biyu za su iya ba da kilobolt 70 a kofi, alhali a gaban tsawa ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba. A nan sinadarin man ne ke magana, da siffar ƙarfen da wuta ta taru a kansa, da faɗin tazara.

Hujewar tana farawa ne daga wurin da wuta ta fi matsuwa: bakin waya mai kaifi, tsinin walda, ɓurɓushin tagulla, ko kumfar iska. Daga nan sai wata siririyar hanya ta tururi mai ɗauke da caji ta tsiro, ta yi rassa kamar saiwar bishiya, tana neman ɗaya ɓangaren. Masana na kiranta sitirima, mu ce jijiyar wuta. Idan ta mutu a hanya kafin bugun ya lafa, an tsira. Idan ta isa, tartsatsi ya biyo bayanta ya ƙone takardar da ke naɗe da wayar koyil. Binciken da aka daɗe ana yi a Girinobul ta Faransa da Jami'ar Mancesta ta Ingila ya raba gudunta mataki huɗu: na farko kimanin mita 100 a sakan, na biyu kilomita 1 zuwa 3 a sakan, na uku wajen kilomita 10 zuwa 20, na huɗu sama da kilomita 100 a sakan.

A yi lissafi a ga ma'anarsa. Kilomita 2 a sakan daidai yake da milimita 2 a kowane maikurosakan. Cikin maikurosakan 50 jijiyar za ta ci milimita 100, kuma tun kafin nan ƙarfin bugun ya ragu, tana iya mutuwa. Amma mai gudun kilomita 100 a sakan tana cin wannan tazarar cikin maikurosakan ɗaya, tun bugun na kan ganiyarsa. Saboda haka tambaya mafi muhimmanci game da kowane mai ita ce: a wane ƙarfin wuta jijiyar ke tashi daga tafiyar hawainiya ta koma gudun fanfalaƙi?

Akwai wani abin lura da ke sauƙaƙa wa mafi yawan masu karatu zaɓi. A ƙaramar tazara, kamar milimita kaɗan da ke tsakanin koyil da kwali, duk jijiyar da ta tsiro za ta ƙetare ko da a hankali take tafiya. A nan abin da ke da muhimmanci shi ne kada ta tsiro tun farko, kuma a wannan fannin man ma'adini da esta suna kusa da juna. Bambancin gudu yana bayyana ne a doguwar tazara da wurare masu tsini: wayar da ta tashi daga koyil zuwa bushin (kwalbar da waya ke fita daga tanki ta cikinta), na'urar sauya matakin ƙarfin wuta, da manyan taransifomomi na kilobolt 132 da 330 irin na tashar TCN, kamfanin dakon wutar lantarki na ƙasa, da ke Gombe.

Matakin da ake nema a rubuce yake. Bisa IEC 60076-3, taransifomar kilobolt 11 galibi ana gwada ta da bugun kilobolt 75, ta kilobolt 33 kuma da 170. Ana yin bugu ɗaya mai rangwame, sannan uku cikakku, da alamar negatib. A wannan ajin gwajin na samfuri ne, ba kowace taransifoma ake yi wa ba. Don haka ka nemi takardar gwajin samfurin, ka duba ko da irin man da za a zuba maka aka yi shi. Takardar da aka samu da man ma'adini ba hujja ba ce ga tankin da aka cika da esta.

Man ma'adini

Shi ne wanda ake tacewa daga ɗanyen mai, ƙa'idarsa IEC 60296, kuma fiye da shekara ɗari ana ƙera taransifoma a kan halayensa. A bugun tsawa shi ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. A doguwar tazara mai tsini jijiyarsa tana zama a mataki na biyu ko da wuta ta haura ƙarfin hujewa da nisa. Dalili shi ne tana yin rassa da yawa, rassan suna kare juna, ƙarfin da ke bakin kowane reshe ya ragu. Sinadaran aromatik da ke cikinsa suna taimakawa wajen wannan rassan a bugun fozitib, amma idan sun yi yawa suna rage ƙarfinsa a bugun negatib. Shi ya sa ƙa'idar Amurka ta ASTM D3487 ta sa sharaɗin kilobolt 145 a bugun negatib, daga allura zuwa ƙwallo, a tazarar milimita 25.4. A kusan kowane mai bugun fozitib ya fi haɗari, yana hudawa da ƙarancin wuta.

Rauninsa ruwa ne. A zafin ɗaki kimanin miligiram 55 na ruwa kawai kilo ɗaya ke iya narkarwa. Da rana mai ya yi zafi ya jawo danshi daga takarda, da dare ya huce, abin da ya wuce ƙima ya fito ya zama ɗigo. Sabon mai dole ya ba da aƙalla kilobolt 30 a kofi yadda aka kawo shi, da 70 bayan an tace shi an busar. Ga wanda ke aiki a taransifomar da ba ta wuce kilobolt 72.5 ba, IEC 60422 tana ɗaukar sama da 40 a matsayin mai kyau, 30 zuwa 40 na buƙatar sa ido, ƙasa da 30 kuwa a ɗauki mataki.

Yana kama wuta ya ci gaba da ci a wajen digiri 160 zuwa 170. Idan tartsatsi ya fasa tanki, gobarar tana da wuyar kashewa, kuma man da ya malala yana gurɓata ƙasa da rijiya. A sanyaya kuwa babu kamarsa, domin lambar kaurinsa a ma'aunin kaurin mai ba ta wuce 12 ba a digiri 40, yana zagaya radiyeta da sauri. Shi ne mafi araha, ana samunsa a duro a Kano da Jos da Legas, kuma duk mai naɗin koyil ya san shi. Akwai kuma nau'in da ake yi daga iskar gas, irin Shell Diala S4, wanda kusan babu sulfa a cikinsa.

Samuwarsa a ko'ina ita ce kuma babban haɗarinsa. Ana tace tsohon mai a mayar da shi duro a sayar a matsayin sabo. Irin wannan yana iya cin gwajin kofi, alhali asid ya yi masa yawa, ko yana ɗauke da PCB, gubar nan da Yarjejeniyar Istokholm ta 2001 ta sa a kawar. Abin da ya haura kashi 50 cikin miliyan ana ɗaukarsa gurɓatacce. Kada ka karɓi duro marar hatimi ko marar takardar gwajin rukuninsa, komai sauƙin kuɗinsa.

Estar tsirrai

Ana yin ta daga man waken soya ko wasu 'ya'yan tsirrai masu mai, a tace ta sosai a ƙara mata magungunan hana lalacewa. FR3 na kamfanin Cargill da MIDEL eN su ne sanannu, ƙa'idarsu IEC 62770.

A tsawa, halinta ya rabu biyu. Tsakanin ƙarafa masu santsi da ƙaramar tazara tana kusa da man ma'adini. A doguwar tazara mai tsini kuwa jijiyarta tana komawa gudu da wuri, kusan daidai ƙarfin da hujewa ke farawa, don haka tana hujewa da ƙarancin wuta, kuma giɓin yana ƙaruwa yayin da tazara ke faɗi. Wannan ba ya nufin ba ta iya babban aiki. A 2014 an kunna taransifomar kilobolt 420 da Siemens ya ƙera da estar tsirrai a Buruksal ta Jamus. Sai dai an zana ta ne tun farko don wannan man: an ƙara kwalayen da ke yanka doguwar tazara gida-gida, an lulluɓe wurare masu kaifi. Tana da wata fa'ida a nan ma. Lambar rabon wutarta, wadda ke nuna yadda nauyin wuta ke rabuwa tsakanin mai da takarda, wajen 3.2 ce, ta man ma'adini 2.2, ta kwali mai jiƙe da mai kimanin 4.4. Kasancewarta kusa da ta kwali yana rage nauyin da ke kan man, ya tura wani sashe kan takarda wadda ta fi ƙarfi.

Wajen danshi ta yi fice. Tana narkar da kimanin miligiram 1,100 a kilo, don haka ruwan da zai kashe man ma'adini ita bai dame ta ba. Tana kuma tsotse ruwa daga takarda, abin da ke rage saurin tsufanta. Wanda ya san cewa ran taransifoma a takardarta yake, zai gane girman wannan. Ba ta kamawa da wuta sai sama da digiri 300, FR3 ma wajen 360, kuma idan ta zube ƙasa tana ruɓewa da kanta.

Aibinta biyu ne, kuma duka sun shafe mu. Na farko iska. Idan tana haɗuwa da iskar oksijin a kai a kai, tana yin kauri, a jikin ƙarfen da ta shafa ta bushe ta zama danƙo. Mafi yawan taransifomomin da ke unguwanninmu masu numfashi ne, da ƙaramin tanki a sama da kwalbar silika jel mai tsotse danshin iska. Irin waɗannan ba su dace da ita ba sai an sa jakar roba a tankin saman ko an rufe su ruf. Na biyu kauri: wajen 33 zuwa 37 a digiri 40, kusan ninki uku na man ma'adini, don haka koyil yana ɗan fi zafi idan ba a faɗaɗa hanyoyin mai ba. Kuɗinta kan ninka na man ma'adini ko ya fi, kuma sai an yi oda.

Wani jan kunne a gefe. Masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun yi aiki a kan mayar da man ƙwarar manja ya zama man taransifoma, kuma fanni ne da ya cancanci goyon baya a ƙasar da ke noman gyaɗa da soya da riɗi. Amma wannan ba izini ba ne a ɗebo man girki daga kasuwa a ɗura a tanki. Man girki yana da ruwa da asid da ƙwayoyin datti, ba shi da maganin hana lalacewa, zai daskare ya toshe hanyoyin sanyaya.

Estar haɗi

Wannan a masana'anta ake haɗa ta daga sinadarai, MIDEL 7131 ne misalin da aka fi sani, ƙa'idarta IEC 61099. A bugun tsawa 'yar'uwar ta tsirrai ce: lafiya a ƙaramar tazara, rauni a doguwa mai tsini, kuma tana buƙatar zane na musamman a babban ƙarfi. Inda ta sha gaba shi ne juriyar iska. Ana iya zuba ta a taransifoma mai numfashi ba tare da fargabar danƙo ba. Ta fi kowa ɗaukar ruwa, kimanin miligiram 2,600 a kilo. Tana kamawa da wuta a digiri 316, kaurinta wajen 29, sabuwa kuma dole ta ba da kilobolt 45 a kofi. Tsada ce kawai ke hana ta yaɗuwa, domin ta fi ta tsirrai kuɗi sosai.

Duk estocin biyu suna da sharaɗi ɗaya da ake mantawa: ɗakin gwajin da zai duba su dole ya san su. Asid ɗinsu da asarar wutarsu sun fi na man ma'adini tun suna sababbi, estar tsirrai kuma tana fitar da iskar itan ko babu matsala. Wanda ya karanta sakamakonsu da jadawalin man ma'adini zai ce maka lafiyayyen mai ya lalace.

Man silikon

Ƙa'idarsa IEC 60836. Ya shigo ne lokacin da aka fara neman abin da zai maye gurbin PCB a gine-gine. Ba ya kamawa da wuta sai sama da digiri 340, iska ba ta lalata shi, yana jure zafi na shekaru. Amma a ƙananan taransifomomi da na jiragen ƙasa aka fi amfani da shi. Idan tartsatsi ya ratsa shi yana barin ɓurɓushin silika, kuma ba ya sa ƙarafa santsi, don haka bai dace da na'urar sauya mataki mai aiki da wuta a kai ba. Ya fi sauran kauri da kumbura in ya ji zafi, ba ya ruɓewa a ƙasa da sauƙi, ba a kuma cakuɗa shi da man ma'adini. Ɗan kaɗan ɗinsa in ya shiga injin tace mai, zai sa man ma'adinin da aka tace bayansa ya riƙa kumfa. A ganina, ga sabon aiki a Bauchi ko Gombe, esta ta riga ta karɓe gurbinsa.

| Ma'auni | Ma'adini | Estar tsirrai | Estar haɗi | Silikon |
|---|---|---|---|---|
| Tsawa a ƙaramar tazara | Mai kyau | Kusa da ma'adini | Kusa da ma'adini | Ya isa ga ƙaramin ƙarfi |
| Tsawa a doguwar tazara mai tsini | Mafi ƙarfi | Ƙasa, sai da zane na musamman | Ƙasa, sai da zane na musamman | Ba a saba kai shi can ba |
| Gwajin kofi na sabo, kV | 30, ko 70 bayan tacewa | 35 | 45 | 40 |
| Ruwan da yake narkarwa, mg a kilo | Kimanin 55 | Kimanin 1,100 | Kimanin 2,600 | Kimanin 200 |
| Zafin kamawa da wuta, digiri | 160 zuwa 170 | Sama da 300 | 316 | Sama da 340 |
| Kauri a digiri 40 | Ƙasa da 12 | 33 zuwa 37 | Kimanin 29 | Kimanin 40 |
| Tanki mai numfashi | I | A'a | I | I |
| Kuɗi | Mafi araha | Tsaka-tsaki | Tsada | Tsada |

Zafin garinmu

Ƙa'idar IEC tana ƙera taransifoma ne a kan cewa zafin waje ba zai wuce digiri 40 ba, matsakaicin shekara kuma 20. Gombe da Bauchi sun haura wannan matsakaicin, a bazara ma ana kai 40 ko a wuce. Takardar koyil ta gama-gari tana ninka saurin tsufa a duk ƙarin digiri 6 sama da 98 a wuri mafi zafi. Takardar da ta tsufa tana karyewa kamar busasshen ganye, kuma ita tsawa ke fara samu. Ko wane mai ka zaɓa, ka nemi maƙeri ya rage hawan zafi ƙasa da digiri 60 na mai da 65 na koyil da aka saba. Idan esta ce, allon jikin taransifoma zai nuna KNAN maimakon ONAN a wurin lambar irin mai da hanyar sanyaya.

Abin da babu man da zai gyara

Matsakaicin saukar tsawa ta farko kimanin amfiya 30,000 ne. Idan ta faɗa kan waya mai turjiyar om 400, ta rabu hagu da dama, lissafi yana ba da bolt miliyan 6. Kwalaben layi za su yi tartsatsi su rage ta, amma abin da ya saura ya fi kilobolt 75 ko 170 nesa. Babu man da zai tare wannan. Aikin makarin tsawa ne, wanda ma'aikata ke kira aresta, ya datse bugun zuwa kimanin ninki uku na lambarsa: mai kilobolt 12 ya bar wajen 35 zuwa 40, mai kilobolt 36 ya bar wajen 100. Tazarar da ke tsakanin wannan da ƙarfin taransifoma ita ce kariyarka.

Wannan tazarar ce ake zubarwa wajen haɗi. Kowace mita ta wayar aresta tana iya ƙara kilobolt 10 idan wuta na hawa amfiya 10,000 a maikurosakan. Aresta a can saman turke, da wayar ƙasa mai mita biyar kafin ta haɗu da tanki, ta cinye kariyar taransifomar kilobolt 11 gaba ɗaya. A ɗaura shi dab da bushin, a haɗa ƙasansa kai tsaye da jikin tanki da gajeriyar waya miƙaƙƙiya. A auna turjiyar ramin ƙasa a watan Maris lokacin da ƙasa ta bushe, domin a kan busasshiyar ƙasa hadarin farko ke sauka. A kuma duba ko ɓarayi sun yanke tagullar. Sau da yawa ana ɗora wa mai laifin da na wayar ƙasa ne.

Kumfar iska ma haka. Iska tana hujewa a wajen kilobolt 3 a milimita, ƙasa da mai sosai, kuma wuta ta fi taruwa a cikin kumfa. Man da aka kwarara daga sama da bokiti, ko wanda ya ragu har gindin bushin ya fito fili saboda yoyo ko sata, ya rasa ƙarfinsa komai sunansa.

Idan sauya man tsohuwa za a yi

Da farko a gwada tsohon man don PCB da iskar da ta narke a cikinsa. Taransifomar da ke da ciwo a koyil, sabon mai ba zai warkar da ita ba. A zubar da man tun yana da ɗumi, a bari ya tsiyaye na awoyi, a wanke koyil da esta mai zafin digiri 50 zuwa 60, kimanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na abin da tanki ke ci, a fitar da estar wankin. A sauya dukkan gaskit, domin tsofaffin da suka kumbura da man ma'adini sukan fara yoyo. A cika daga bawul ɗin ƙasa a hankali, da zuƙe iska idan tankin zai jure. Tanki mai siraran fikafikai ba ya jure cikakkiyar zuƙa, a tambayi maƙeri tukuna. A bar ta ta zauna aƙalla kwana guda kafin a ba ta wuta, saboda kaurin esta yana jinkirta fitar kumfa. Ragowar man ma'adini kada ya wuce kashi 7 cikin ɗari a estar tsirrai, ko kashi 3.5 a ta haɗi, in ba haka ba zafin kamawa da wuta zai faɗo ƙasa da 300, ka biya kuɗin kariyar da ba ka samu ba. Bayan 'yan watanni a sake gwadawa, domin takarda tana ci gaba da sakin tsohon man. Samfurin gwaji a ɗebe shi a kwalbar gilas busasshiya bayan an zubar da na bakin bawul, ba a gorar ruwa ba, ba kuma a cikin ƙurar hunturu ko ana yayyafi ba.

Wajen lissafin kuɗi, duba yawan mai a allon jikin taransifoma. Taransifoma mai kVA 500 ta kilobolt 11 takan ci lita 300 zuwa 500, wato duro biyu ko uku, sai a ƙara na wanki da gaskit da hayar injin tacewa. A sabuwar taransifoma kuwa ƙarin kuɗin bai kai ninkin farashin man ba, tunda tagulla da ƙarfe su ne mafi yawan kuɗinta.

Wa ya dace da wanne

Mai injin casa ko famfon ban ruwa da taransifomarsa ke fili, nesa da gini, a ƙarshen dogon layin kilobolt 33, kuma tanki mai numfashi ne: ya tsaya a kan man ma'adini mai hatimi da maganin hana lalacewa. Rarar kuɗin ya sa ta a aresta mai kyau, ramin ƙasa, sauya silika jel da zarar ta canja launi, da gwajin mai sau ɗaya a shekara kafin damina.

Asibiti, otal, makarantar kwana, ko kasuwa irin ta Wunti da Muda Lawal a Bauchi, inda taransifoma ke dab da mutane da kaya: sabuwa rufaffiya mai estar tsirrai, wadda aka yi wa gwajin bugun tsawa da estar a cikinta. Haka nan wadda ke kusa da rijiyar burtsatse, kogi ko madatsa irin ta Dadin Kowa, inda zubewar mai zai shiga ruwan sha da gonaki.

Wanda ke da tsohuwar taransifoma mai numfashi a cikin gini, ba zai iya sauya ta ba amma yana tsoron gobara: estar haɗi. A kilobolt 11 aikin mai sauƙi ne. A kilobolt 33, musamman in akwai na'urar sauya mataki mai aiki da wuta a kai, sai da rubutacciyar amincewar maƙerin taransifomar da na na'urar.

Mai taransifomar silikon ya ci gaba da cika ta da silikon, da bututu da famfon da ba sa taɓa wani mai.

Kilobolt 132 zuwa sama: man ma'adini, sai dai in tun daga zane aka ƙera ta don esta. Kada a sauya wa irin wannan mai a wurin aiki bisa lambar kofi.

Kowanne aka zaɓa, a rubuta sunan man da ranar zubawa a jikin tanki da fenti, a ajiye takardun gwaji don jami'an NEMSA, hukumar duba kayan lantarki ta ƙasa, da na JED, kamfanin rarraba wuta na Jos, su gani kafin a haɗa ta da layi.